A Sake Gina Zango, Ko Da A Kan Tebur Ne

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ko a wani zango ya san motar kara da motar langa-langa, ya kuma san yadda yara kan kwaɓa laka bayan ruwan sama su gina ɗan gida har da zaurensa. To, mai karatu, irin wannan wasa akwai shi a Turai da Amurka, sai dai a can magidanta ne masu furfura ke yin sa, kuma da kuɗinsu. Sukan gina ƙananan gidaje da ganuwa da gadoji, su jera a kan tebur, su zuba 'yan mutum-mutumin sojoji, sannan a fafata yaƙi da ƙa'idoji a rubuce.

Abin ya samo asali ne daga horon soja. A shekarar 1812 wani bafade mai suna von Reisswitz ya kai wa sarkin Prussia, a Jamus ta yau, wani tebur mai ɗauke da siffar tuddai da koguna domin gwada dabarun yaƙi. Ɗansa ya gyara ƙa'idojin ya buga su a 1824, rundunar ƙasar ta karɓa tana koyar da hafsoshinta. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya mayar da abin wasan farar hula. Kamfanin Games Workshop da ya fito da Warhammer a 1983 shi ya ƙara baza shi a duniya.

Me ya haɗa wannan da mu mutanen Wagadugu? Abin da ya haɗa shi ne Zangouettin. Wannan tsohuwar unguwa ta Hausawa 'yan kasuwa da malamai, wadda sunanta ma daga kalmar zango ya fito, an rushe ta a 2003 tare da maƙwabtanta saboda shirin ZACA na sabunta tsakiyar birni, aka ba mazaunanta filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko. Yaron da aka haifa bayan tashin bai taɓa ganin lungun da kakansa ya yi karatun allo ba. Hotuna kaɗan ne, dattawan da suka san wane gida ke jingine da wane kuwa kullum raguwa suke yi. Dabarar masu wasan tebur za ta iya yi mana amfani a nan.

Farkon aiki shi ne awo. Mutum-mutumin da aka fi amfani da shi tsayinsa milimita 28 ne, wato an rage komai kamar sau 56. Ke nan mita ɗaya ta gaske ta zama milimita 18. Ƙofa mai tsayin mita biyu za ta zama milimita 36, ɗaki mai mita uku da huɗu kuwa ya zama milimita 54 da 72. Teburin da aka saba wasa a kai, mai santimita 180 da 120, zai ɗauki kimanin mita 100 na tsawon layi. Saboda haka kada a ce za a gina unguwa duka a zama ɗaya. A zaɓi layi guda, a gama shi.

Kayan aiki kuwa ba sai an aika Faransa ba. Kwali mai kauri shi ne bango, farin gam na kafinta shi ne mahaɗi. A yanka bango huɗu da sabuwar reza, a fitar da ƙofa da taga tun kafin a haɗa, domin in an haɗa yanka yakan karkace. Yaɓe shi ne tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa a dama da gam da ruwa kaɗan. Laka zalla tsagewa take yi in ta bushe, ta bar kwalin tsirara. A shafa ciki da waje, in ba haka ba bangon zai lanƙwashe ta ɓangaren da ya jiƙe. Tsinken tsintsiya ya isa azara, guntun bututun biro ya zama indararo, kwali mai rami-rami da aka ɓare fuskarsa ɗaya kuma kamar kwanon rufi yake sak. Masu wasa ba sa manne rufi, domin a iya ɗagawa a sa soja a ciki. Mu ma mu bar shi haka, don a ɗaga a nuna wa yaro inda turaka take da inda murhu yake.

Bayan an shafa fenti ya bushe, sai a ɗauki buroshi a tsoma a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a bi saman bangon a hankali. Nan take tsufan gini zai fito. A ajiye aikin nesa da ƙasa, don gara ba ta san darajar tarihi ba.

Amma wuyar aikin ba a hannu take ba, a tambaya take. Kwali ba zai faɗa maka ko ƙofar zaure gabas take kallo ba, ko rijiya a tsakar gida take ko a waje, ko wace bishiya ake zama a ƙarƙashinta bayan la'asar. Sai yaro ya ɗauki takarda ya durƙusa gaban tsoho ko tsohuwa, a zana, a yi gardama, a gyara. Idan dattawa biyu suka saɓa, a kira na uku.

Kira gare ku matasan Ouaga 2000: baje-kolin SIAO da ake yi a birnin nan tun 1988 na masu aikin hannu ne, kuma layi ɗaya na tsohon Zango a kan tebur ba zai rasa masu tsayawa kallo ba. Ku fara tun masu ba da labarin suna nan. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, amin.