Kalifso Ba Kiɗan Sharholiya Ba Ne

Na gaji da jin masu cewa kalifso kiɗan 'yan shaye-shaye ne, wai na nishaɗantar da Turawa masu shan iska a bakin teku. Wasu ma Jamaika suke kai shi, su cuɗa shi da rege. Mahaifarsa tsibirin Tirinidad ce, a bakin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, waɗanda suka tafi da al'adarsu ta mai ba da waƙa da 'yan amshi, da zambo da habaici.

Mai cewa sharholiya ce, ya gaya mana abin da ya tsorata Turawan mulkin Ingila. Bayan wata tarzoma da ake kira Canboulay a 1881 suka taka wa kaɗa ganga birki. A 1934 suka kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon tace waƙa kafin a rera ta a rumfunan kalifso. Yaushe aka taɓa tayar da 'yan sanda saboda waƙar banza? Mawaƙin kalifso Raymond Quevedo, wato Atilla the Hun, ya yi ta caccakar gwamnati har jama'a suka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki a 1950. "Rum and Coca-Cola" ta Lord Invader, wadda ake taka rawarta ana dariya, kuka ce kan yadda dalar sojojin Amurka ta jefa uwa da 'ya cikin karuwanci lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ɗauke ta a Amurka, aka rage mata yaji, ta yi kasuwa, sai da aka je kotu kafin a biya shi. Lord Kitchener kuwa daga Landan ya yi wa Ghana waƙar samun 'yanci.

Faifan mawaƙi Harry Belafonte na 1956 ya ƙara dagula lissafi, don "Day-O" da ke cikinsa, wadda ake ɗauka kalifso ce, waƙar leburorin ayaba ce na Jamaika.

Saboda haka, kafin ka yanke hukunci, nemo baitocin a intanet ka karanta a tsanake, domin Turancin Tirinidad ba ya kamuwa da ji ɗaya. Duba shekarar waƙar, ka binciki wa ke kan mulki lokacin, da wa ake yi wa habaicin. Fara da "Jean and Dinah" ta Mighty Sparrow ta 1956, sannan ka nemi Calypso Rose, mace ta farko da ta ci sarautar kalifso a 1978. Ku kuma masu shirye-shiryen rediyo, don Allah ku daina shimfiɗa shi ƙarƙashin tallar lemo. In za ku sa, ku ambaci mawaƙin, ku gaya wa masu sauraro da wa yake.