Shin Ko Kun San? Hannu Na Tuna Abin Da Baki Ya Manta

Shin ko kun san abin da ke sa bakanike a Jambutu, yana kwance ƙarƙashin mota, ya daka wa yaronsa tsawa, "Kai, miƙo min abin nan!" suna ya ƙi zuwa baki, amma hannu na ta murɗa iska? Yaro ya kalli hannun maigida, ya ɗauko sifana. Ba tsufa ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta zuba sanin kayan aiki a rumbu ɗaya. Sunan abu da amfaninsa suna ajiye a gefen kai, saitin kunne. Yadda ake riƙe shi a sarrafa shi kuwa yana sama da nan. A wurin yawancin mutane, ɓangaren hagu ne ke riƙe da makullin duka biyun.

Marasa lafiya ne suka fara tona wannan asiri. A 1900, wani likita a Balin ta Jamus, Hugo Liepmann, ya bayyana larurar da ake kira afaraksiya: hannu da ƙarfinsa, mutum ya san sunan abu, amma a ba shi ya yi aiki da shi sai ya rikice. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ke jawo ta. Don haka in tsohuwa ta tashi daga jinya tana juya muciya a hannu kamar yau ta fara ganinta, kada a ce gardama ce, kada a ce sammu. A kai ta wurin likita, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama nan a Yola.

Shin ko kun san ana iya manta dabbobi a tuna kayan aiki? A 1984, Elizabeth Warrington da Tim Shallice sun ba da rahoton majinyata 4 a Landan, waɗanda kumburin ƙwaƙwalwa ya gusar musu da sanin dabbobi da abinci, alhali abin da hannun mutum ya ƙera suna gane shi daidai gwargwado.

Ganin kayan aiki kawai ma yakan zaburar da hannu. A 1996, Alex Martin da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna faɗin sunayen kayan aiki, sai ga sashen da ke shirya motsin hannu ya farka, alhali ba wanda ya ɗaga ko yatsa. Wa ya taɓa wuce rumfar masu sayar da adduna a kasuwar Jimeta bai ji hannunsa na ƙaiƙayin gwada kaifi ba? Sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin goshi ne ke taka mana birki. In ya lalace, kamar yadda François Lhermitte ya nuna a Faransa a 1983, a ajiye wa majinyaci tabarau sai ya ɗauka ya ɗora kan wanda ke fuskarsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne wannan. A 1996, Atsushi Iriki ya koya wa birai a Japan jawo abinci da ɗan manjagara, sai ya ga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke lura da kewayen hannu sun miƙa aikinsu har bakin manjagarar, tamkar hannun ne ya ƙara tsawo. A 2018 masu bincike a Liyon ta Faransa suka nuna cewa mutum, ba tare da ya gani ba, yana iya nuna inda aka taɓa sandar da ke hannunsa.

In kuna son ganin haka da idonku, ku sauka bakin Binuwai ƙarƙashin gadar Jimeta da rani, ku kalli mai kwalekwale. Idonsa na kan tsallake, bakinsa na hira da fasinja. Ya caka gora a ruwa, ya ɗan dakata, ya ce nan yashi ne, can laka, ya karkata jirgin.