Murfin da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana haƙa rijiya a unguwar Television, ko Barnawa, ko Kakuri, ya san cewa da an wuce jar ƙasa da marmara sai diga ta fara tartsatsi, domin Kaduna tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri wanda ba ya ajiye mai ko iskar gas. Saboda haka gas ɗin da ake jiran bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano ya kawo mana, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614, baƙo ne daga kudu, kuma ya cancanci a tambayi yadda aka yi ya zauna shekaru miliyoyi a ƙarƙashin ƙasa bai tsere ba, alhali ɗabi'arsa ita ce hawa sama.

Jama'a da yawa suna zaton gas yana kwance ne cikin wani kogo, amma haƙiƙanin al'amari yana cikin 'yan ƙofofin dutsen yashi ne, kamar ruwa cikin soso, wannan dutse shi ne taskarsa, kuma abin da ya tsare shi shimfiɗar laka ce da ta daskare a bisansa kamar murfi, wadda ƙofofinta suka ƙanƙanta ainun, ga su kuma cike da ruwa, har ya zamana gas ba ya iya kutsawa sai da ƙarfi mai yawa. A Neja Dalta malaman ilmin ƙasa suna kiran lakar da ke can ƙasa, inda gas ya samo asali, Akata, shimfiɗun yashi da laka da ke bisanta kuwa Agbada.

To, a nan mas'alar matsi ta shigo. Bisa ƙa'ida, kowane zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu, har idan an kai kilomita 3 ya ninka kusan sau 300. Amma inda Kogin Kwara ya yi ta jibga laka bisa laka cikin gaggawa, ruwan da ke ciki bai sami hanyar fita ba tun kafin a danne shi, sai ya wayi gari yana ɗauke da wani kaso na nauyin duwatsun da ke bisansa, wanda ya fi na ruwa ninki biyu da wani abu. Sa'an nan zafin ƙasa ya dafa ragowar halittun da aka binne suka zama gas, suka ƙara cunkoso a wurin da dama ba sarari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan matsi yana da fuska biyu. Idan a cikin lakar murfin yake, ni'ima ce, domin gas ɗin da ke neman hawa zai tarar da ƙunci, ya kuma tarar da ruwa yana tunkuɗo shi ƙasa, sai a sami taska mai kauri. Idan kuwa a cikin taskar ya yi ta ƙaruwa har ya kusa haddin da dutsen zai iya jurewa, murfin yakan tsage, ko wata tsohuwar tsaga ta buɗe, gas ya sulale, matsi ya ragu, tsagar ta rufe, a sake sabon lale. Matan da ke turara dambu sun san irin wannan: suna liƙe bakin madambaci da tsumma don kada tururi ya fita, amma in wuta ta yi yawa, ta wurin liƙin yake fara huci. Wannan yana cikin dalilan da kan sa a kashe dukiya a haƙa inda alamu duka suka cika, a tarar da ruwan gishiri kawai.

Mai haƙa rijiyar gas kuwa da gangan yake huda murfin, don haka yake cika ramin da taɓo wanda aka ƙara wa nauyi da ma'adinin barayit, irin wanda ake haƙowa a Azara ta Jihar Nasarawa. Taɓon in ya yi sauƙi gas ya taso, in ya yi nauyi fiye da kima ya fasa dutsen ya zurare ciki, kuma inda matsi ya yi tsanani tazarar da ke tsakanin biyun 'yar kaɗan ce. Ranar 16 ga Janairu 2012 gas ya ƙwace a wata rijiyar kamfanin Chevron a tekun Bayelsa, mutum biyu suka rasu, wuta ta ci fiye da kwana arba'in bisa ruwa.

A Arewa ma lissafin ke nan. A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin haƙa a Nuwamba 2022, dutsen yashi na Bima yana cikin waɗanda ake sa ran su zama taska, lakar Fika kuwa ita ake dubawa a ga iyakar abin da ta iya riƙewa.