Saƙo da Dangantaka: Abin da Magana Take Ɗauke da Shi



Sau da yawa in aka tambayi wani shugaban ma'aikata dalilin da ya sa aiki ya lalace, yakan ce, "Ai kuwa na sanar da su, ga ma kwafin takardar a fayil." Shi a wajensa, da zarar ya sa hannu, masinja ya kai, magana ta ƙare. Wannan zato shi nake so mu bincika a yau, domin masana sun daɗe suna jayayya a kansa.

Shi wannan zato yana da ra'in da ya yi kama da shi. A shekarar 1948 wani masanin lissafi Ba'amurke, Claude Shannon, wanda yake aiki a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell, ya buga wata maƙala inda ya kasa sadarwa gida biyar, watau mafarin saƙo, da na'urar aikawa, da hanyar da saƙon zai bi, da na'urar karɓa, da wanda aka nufa. Duk abin da ya gurɓata saƙo a hanya ya kira shi hayaniya. A shekarar 1949 aka fitar da aikin a littafi tare da sharhin Warren Weaver. Aiki ne babba, don kuwa a kansa aka gina wayoyin hannu da intanet. Amma Shannon da kansa ya faɗa cewa ma'anar saƙo ba ta cikin matsalar da injiniya yake son warwarewa. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ɗauki awon waya suka auna mutane da shi.

Ga inda awon ya gaza. A lissafin Shannon, gwargwadon yadda ba a san abin da za a ji ba, gwargwadon yawan labarin da ke cikin saƙo. To, in haka ne, gaisuwarmu ba ta da wani labari a cikinta. Wanda ya ce maka "Ina kwana?" ya san amsar tun kafin ka buɗe baki. Ko da zazzaɓi ka kwana, "Lafiya lau" za ka ce, sai an zauna sa'an nan a kawo batun jiki. Amma mutum ya gwada wuce maƙwabcinsa kwana uku ba gaisuwa, ya ga ko ba za a aiko masa dattijo a ji abin da ya haɗa su ba.

Bronislaw Malinowski, masanin al'adu wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini, a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ya lura da irin wannan. A wata maƙala ta shekarar 1923 ya nuna cewa akwai maganar da ba don ba da labari ake yin ta ba, aikinta shi ne ƙulla zumunci da tabbatar da shi.

Waɗanda suka faɗaɗa wannan tunani su ne wasu masana a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, waɗanda suka bi sawun Baturen Ingila Gregory Bateson. A shekarar 1967 Paul Watzlawick da Janet Beavin da Don Jackson suka fitar da littafi a kan sadarwar ɗan'adam. Farkon abin da suka kafa shi ne, muddin mutum yana gaban wani, ba shi da halin ƙin isar da saƙo, domin shirunsa da zamansa da kau da kansa duk fassara su ake yi. Bahaushe ya riga su, da ya ce kurum ma magana ce. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, kowace magana tana da fuska biyu: abin da aka faɗa, da matsayin da mai faɗa ya ajiye kansa da mai sauraro. Alal misali, "Kawo fayil ɗin nan" da "Malam, in ka sami sarari a taimaka mini da fayil ɗin nan" buƙata ɗaya ce. Amma ta farko tana cewa ni ne sama da kai, ta biyu tana cewa na san girmanka. Akawun da ya haifi kamar shugabansa zai kawo fayil ko ta wace aka ce masa, sai dai gobe ba lalle ya gaya wa shugaban kuskuren da ya hango a ciki ba.

Sun kuma yi bayanin yadda rigima take zagayawa. Miji ya ce, "Ina shiru ne don ta cika mita." Matar ta ce, "Ina mita ne don ba ya tanka mini." Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai kowa ya sa mafarin labarin a inda laifi zai faɗa kan ɗan'uwansa. Mai sulhun da ya tsaya neman wanda ya fara, zai kwana yana nema.

Ina da ja a kan abu ɗaya. Yawancin misalansu daga iyalan Amurka masu neman magani a asibiti suka fito, ma'anar shiru kuwa ba ɗaya ba ce a ko'ina. Uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna kulawa da shi a gaban mutane, kunya take yi, kowa kuwa ya san haka. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya nuna, alhali baƙon da bai san al'ada ba yana iya zaton rashin gaskiya ne. Saboda haka ra'in ya gaya mana cewa akwai saƙo a cikin shiru, amma al'ada ce take da mabuɗin karanta shi.

Saura batun ƙungiya, wanda ya shafi ma'aikata kai tsaye. A shekarar 1951 Harold Leavitt, yana bin tsarin Alex Bavelas, ya ba da rahoton wani gwaji da aka yi a Amurka. Akan zaunar da mutum biyar da shamaki a tsakaninsu, kowa da kati mai alamomi, a ce su gano alamar da ke kan katin kowa, ba kuwa ta baki ba, sai ta miƙa 'yan takardu. A wani tsarin, mutum huɗu ba su da ikon aika wa kowa sai na tsakiya. A wani kuma an yi da'ira, kowa yana aika wa na damansa da na hagunsa. Masu shugaba a tsakiya sun shirya kansu da wuri, da 'yan takardu kaɗan, amma na tsakiyan ne ya fi jin daɗin aikin, sauran suka gundura. 'Yan da'ira sun yi ta rubuce-rubuce da kurakurai, duk da haka su ne suka fi gamsuwa.

Kada shugabanni su yi saurin murna. Gwaje-gwajen da Marvin Shaw da wasu suka yi daga baya sun nuna cewa wannan fifiko na tsakiya a kan aiki mai sauƙi yake. In matsala ta yi sarƙaƙiya, takardu sukan yi wa na tsakiya yawa, ya kasa tace su, sai ƙungiyar da kowa yake iya magana da kowa ta riga su gamawa. Duk wanda ya taɓa jiran fayil mako shida, don kawai komai sai ya bi ta teburin mutum ɗaya, ya ga wannan gwaji da idonsa.