Gumi da Matoshinsa: Bayani a Kan Maganin Tsai da Gumi da Yadda Ya Dace a Yi Amfani da Shi a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi fiye da ɗaya na ruwan nan da yake tsattsafowa daga fatar ɗan Adam. Wasu sukan ce gumi, wasu zufa, wasu kuma jiɓi. Harshe ba ya tara sunaye a kan abin da bai dami masu shi ba. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Gwandu ko Kalgo, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ya san dalilin wannan yalwa.

Ga yawancin mutane gumi abu ne na lokaci, da an yi wanka an sha iska ya wuce. Amma akwai waɗanda ya zame musu ƙaya. Akwai malamin makarantar da ba ya iya ɗaga hannu ya yi rubutu a allo saboda hammatar rigarsa ta jiƙe, da ɗalibin jami'a a Kalgo wanda takardar jarrabawa take jiƙewa a ƙarƙashin tafinsa, da ma'aikacin sakatariya wanda yake jin nauyin miƙa hannu a gaisa. Irin waɗannan mutane sukan kashe kuɗi a kan kwalabe iri iri, sa'an nan su yanke hukunci cewa duk yaudara ce. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa sau da yawa maganin yana da kyau, lokacin shafa shi da yadda ake shafawar ne suka kauce wa ƙa'ida.

Gumi da amfaninsa

A cikin fatar mutum akwai 'yan maɓuɓɓugai ƙanana ƙwarai, tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kowace da siririyar magudanarta wadda ta ɓullo a bayan fata. Iri biyu ne. Iri na farko ya bazu a dukkan jiki, ya fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi, kuma abin da yake fitarwa ruwa ne kusan zalla, sai ɗan gishiri. Aikinsa sanyaya jiki, kamar dai yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa: ruwa ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. Ta haka ne jiki yake tsayawa a wajen digiri 37 ko da rana ta take. Manomin shinkafa a fadama yana iya zubar da gumin da ya fi lita 1 cikin sa'a guda, kuma ba don wannan gumi ba da zafi ya kayar da shi.

Iri na biyu yana hammata da matse-matsi, ba ya fara aiki sai an balaga. Ruwansa yana da ɗan kauri da maiƙo, amma shi kansa ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a kan fata su ne suke cin sa, abin da suka bari shi ne warin da ake ji. Watau jiƙewa daban, wari daban, kuma maganin ɗaya ba lalle ne ya zama maganin ɗayan ba.

Turare, makarin wari da matoshin gumi

Abubuwa uku ne ake sayarwa a kanti ɗaya, masu saye kuma suna ɗaukarsu abu guda. Na farko turare, ko na kwalba ko humra ko na fesawa, wanda aikinsa rufe wari da ƙamshi. Na biyu makarin wari, wanda yake rage ƙwayoyin bakteriya, amma ba ya rage gumi ko ɗigo ɗaya. Na uku shi ne matoshin gumi. Ana gane shi da kalmar antiperspirant a jikin kwalba, da kuma sunan gishirin alminiyam a cikin jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Kwalbar da babu alminiyam a jerinta, kome tsadarta, ba ta tsai da gumi.

Wannan sana'a ba ta daɗe ƙwarai ba. A shekarar 1888 aka fito da makarin wari mai suna Mum a birnin Filadalfiya na Amurka, a 1903 kuma aka fito da Everdry, matoshin gumi na farko da aka sa a kasuwa. Wani likitan fiɗa a Sinsinati ya haɗa wani ruwa domin ya hana hannunsa yin gumi lokacin aiki, 'yarsa Edna Murphey ta mai da shi haja da sunan Odorono. Da aka yi tallarsa a wata mujallar mata a 1919, aka ambaci gumin hammata a fili, wasu masu karatu sun fusata har suka daina sayen mujallar, amma ciniki ya haɓaka. Ashe kunyar zancen ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Kwalba mai ƙwallo a baki, wadda ake murzawa a hammata, ta fito a 1952, kuma daga bakin biro aka kwaikwayo ta.

Yadda toshewar take aukuwa

Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a fahimci aikin wannan magani, domin misalinsa yana nan a cikin gida. Idan aka ɗebo ruwan gulbi mai laka aka jefa masa ɗan alif, wanda wasu suke kira alimun, ba a jimawa sai a ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya haɗu, ya tattara lakar ya kwanta a ƙasan randa. Alif gishirin alminiyam ne, kuma danginsa ne ma'aikatun ruwa suke zubawa wajen tace ruwan famfo.

Abin da yake faruwa a randa shi ne yake faruwa a bakin magudanar gumi. Gishirin da aka shafa yana narkewa cikin ɗan danshin da ke bakin magudanar, ya gangara ciki kaɗan. A nan ne yake daskarewa ya zama abu mai yauƙi, ya haɗu da sinadaran furotin da ke cikin gumin da na bangon magudanar, ya zama toshi. Maɓuɓɓugar tana nan da ranta, ba a kashe ta ba, hanya kawai aka datse. Wanka ba ya cire wannan toshi domin yana cikin rami. Amma fata kullum tana saɓa tana sabuntawa, gumi kuma yana turowa daga ƙasa, saboda haka bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki sai toshin ya fita, a bukaci sabo.

Ya kamata a lura cewa maganin kanti ba ya busar da hammata ƙaf. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shar'anta cewa kafin a kira abu matoshin gumi sai ya rage gumi da aƙalla kashi 20 cikin 100, mai ƙarfi kuma da kashi 30. Shi kuwa dutsen alif da wasu suke gogawa a hammata, ya fi amfani wajen rage wari, toshinsa ba shi da ƙarfi.

Ƙa'idojin shafawa

Mai noman rani ya san cewa ba a datse magudana da laka sa'ad da ruwa yake tsakiyar gudu, domin ruwan zai kwashe lakar. Sai an tsai da inji, ruwa ya ja baya, sa'an nan datsiya take kamawa. Ga kuskuren yawancin mutane ke nan. Sukan shafa maganin da safe, jiki da sauran danshin wanka, su sa riga su hau babur cikin rana. Kafin gishirin ya shiga magudana gumi ya wanke shi ya zuba a riga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da ya dace shi ne dare, dab da kwanciya, domin a lokacin barci ne maɓuɓɓugan suke lafawa, maganin ya sami sa'o'i 6 zuwa 8 yana kamawa. Sharaɗi na biyu, fata ta bushe sarai. Wannan ya fi muhimmanci ga magani mai ƙarfi, wato mai alminiyam kuloraid kashi 20 cikin 100, irin su Driclor da Anhydrol Forte, domin idan ya gamu da ruwa a kan fata yakan haifar da asid mai sa ƙaiƙayi da raɗaɗi. Na uku, a shafa kaɗan, a bari ya bushe kafin a sa riga. Na huɗu, kada a shafa a kan rauni ko ƙurajen zufa, ko a ranar da aka aske hammata. A jinkirta kwana ɗaya ko biyu. Da safe a yi wanka da sabulu yadda aka saba. Wankan yana kawar da saurar maganin da ke bayan fata, wanda haɗuwarsa da gumi ce take bar wa farar shadda tabo rawaya a hammata.

Shi magani mai ƙarfi akan shafa shi kowane dare har gumin ya ragu, galibi cikin mako ɗaya ko biyu, daga nan a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Idan fata ta yi ja, a huta 'yan kwanaki.

A nan akwai wata matsala ta ƙasar Gwandu wadda masu rubuta umarni a Turai ba su yi la'akari da ita ba. A tsakiyar bazara daren ma gumi ake yi, ga ɗaki ya ɗauki zafi, ga wutar lantarki ba tabbas. Dabara ita ce a yi wankan dare, a tsane jiki da tawul, a zauna a tsakar gida ko a yi fifita da mafici har hammata ta bushe, sa'an nan a shafa. Mafi kyau kuma, mai fama da yawan gumi ya fara tun cikin hunturu, a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da fata take bushe, domin bazara ta tarar da shi ya riga ya kai matakin sau biyu a mako. Sutura ma tana da nata rabo: rigar auduga mai yalwa tana barin iska ta yi aikinta, yadin roba kuwa tsare gumi yake yi a jiki.

Gumin da ya wuce kima

Likitoci sun kasa yawan gumi gida biyu. Na farko ba alamar wata cuta ba ne, jijiyoyin da suke ba maɓuɓɓugai umarni ne suka cika zafin nama. Alamominsa sanannu ne: yakan fara tun ƙuruciya ko kafin shekara 25, yana kama ɓangarorin jiki biyu daidai, kamar tafuka biyu ko hammata biyu, yakan bi dangi, kuma yana tsayawa idan an yi barci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 5 cikin 100 suna da shi a can. Irin wannan ne matoshin gumi yake yi wa amfani, har a tafin hannu da na ƙafa. Idan ya gagara akwai wasu hanyoyi a hannun likitan fata, kamar tsoma hannu cikin ruwan da ake ratsa shi da lantarki mai rauni, ko allurar Botox wadda Amurka ta amince da ita domin gumin hammata a 2004, ko ƙwayoyin sha.

Gida na biyu shi ne abin tsoro. Gumin da ya faro wa mutum bayan ya manyanta, ya game dukkan jiki, ko yake jiƙa shimfiɗa da dare ko da ana sanyi, saƙo ne daga wata cuta. Idan ya zo da tari na mako 2 ko fiye, da rama, da zazzaɓin yamma, tarin fuka ne abin zargi na farko, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, haka cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rawar hannu, da faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, da ɗaukewar al'ada ga mata, da wasu magunguna irin su taramadol. Mai irin wannan gumi ba kanti ya kamata ya nufa ba. Ya tafi asibitin Gwandu, ko babban asibitin da ke Kalgo, ko Asibitin Sa Yahaya a Birnin Kabi. Wanda ya toshe wannan gumi ya yi shiru, ya kashe ɗan aike ne ya bar mai aiken.

Tsoro da jita-jita

Akan ji ana cewa maganin yana tare guba a cikin jiki, ko yana kawo sankarar mama ko ciwon mantuwa na tsufa. Tace guba aikin ƙoda da hanta ne, rabon gumi a ciki kaɗan ne. Bincike bai tabbatar da alaƙa tsakanin maganin da waɗannan cututtuka biyu ba, kuma kwamitin masana na Tarayyar Turai ya bayyana a 2020 cewa alminiyam ba shi da haɗari a gwargwadon da ake sa shi cikin waɗannan kayayyaki. Wanda aka yi wa togaciya shi ne mai ciwon ƙoda mai tsanani, shi sai ya tambayi likita. Hammata kuma ɗan yanki ne na fata, toshe ta ba ya hana jiki sanyaya kansa. Abin da bai dace ba shi ne a shafe ƙirji da baya da ciki a ƙasa mai zafi irin wannan. Wajen saye a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ta fuskar addini, malaman Malikiyya sun bayyana cewa gumin mai rai abu ne mai tsarki, saboda haka jiƙewar riga ba ta ɓata salla. Mai harama da aikin Hajji ko Umra kuwa sai ya nemi wanda ba a sa masa ƙamshi ba.

Kammalawa

Gumi rahama ne ga mazaunin ƙasa mai zafi, kuma Bahaushe ya girmama shi har ya kira halaliyar mutum da guminsa. Inda ya yi yawa a hammata ko tafi har ya hana mutum sakewa cikin jama'a, akwai magani mai araha, muddin an karanta jikin kwalba, an shafa da dare a kan busasshiyar fata, an kuma yi haƙurin mako biyu. Inda kuwa ya zo da dare tare da tari ko rama ko zazzaɓi, to, a bar kwalba a nemi likita tun da wuri.