Yadda Motoci Ke Jin Maganar Juna a Kan Titi

Idan wata mota can gaba ta taka birki da ƙarfi, ga tirela ta tare maka gani, idonka ba zai ga jar fitilarta ba. Siginar rediyo kuwa tana iya kewaye tirelar ta iso gare ka kafin ƙiftawar ido. Manufar sadarwa tsakanin mota da mota ke nan: kowace mota ta riƙa shelanta inda take, gudunta da inda ta dosa, kusan sau 10 a daƙiƙa guda. A duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana cin rayuka kimanin miliyan 1.19 a shekara, wannan shela ba abin wasa ba ce.

A 1999 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta keɓe wa wannan aiki megahaz 75 a zangon gigahaz 5.9. A 2010 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da tsarin 802.11p, wanda aka gina a kan Wi-Fi, kuma a 2019 kamfanin Volkswagen ya sa shi a sabuwar Golf a Turai. Aika saƙo bai taɓa zama da wuya ba. Wahalar tana wajen mai karɓa.

Sigina ba ta bin hanya ɗaya. Wani ɓangare yana zuwa kai-tsaye, wani ya bugi gini, wani ya bugi jikin tanka ko allon talla sannan ya dawo. Duk su haɗu a eriyar motar, wasu sun makara, wasu na ƙarfafa juna, wasu na kashe juna. Kafin mota ta karanta saƙo, dole ta gano irin murɗawar da hanya ta yi masa. Shi ya sa mai aikawa ke fara kowane saƙo da wasu alamomi da ɓangarorin biyu suka riga suka sani. Mai karɓa ya gwada abin da ya iso da abin da ya kamata ya iso, ya lissafa bambancin, ya gyara sauran saƙon da shi, kamar mai sikeli da ke fara ɗora ƙarfen da ya san nauyinsa kafin ya auna kaya.

A cikin ɗaki wannan awo ɗaya ya wadatar, domin kwamfutar da ke amfani da Wi-Fi ba ta motsi. A titi abin ya sha bamban. Tsawon igiyar sigina a gigahaz 5.9 kusan santimita 5 ne kawai, motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana shafe kusan santimita 3 cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Idan motoci biyu suka tunkari juna a wannan gudu, zangon siginar yana gocewa da fiye da haz 1,000, abin da ake kira tasirin Doppler. Kafin dogon saƙo ya ƙare, awon da aka yi a farkonsa ya tsufa. Tsarin 802.11p yana raba saƙo a kan ƙananan zanguna 52, amma 4 kaɗai ke ɗauke da alamomin gwaji, kuma sun yi kaɗan.

Mafita ita ce a yi ta maimaita awo. Wasu na'urori suna ɗaukar ɓangaren saƙon da suka riga suka karanta daidai su mai da shi sabon ma'auni. Tsarin C-V2X, wanda ya fito daga fasahar wayar salula a 2017, yana sa alamomin gwaji sau 4 a cikin kowane kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Magajin 802.11p, wato 802.11bd, shi ma yana cusa su a tsakiyar saƙo.

Sai matsalar katsalandan. A cunkoso, ɗaruruwan motoci na magana a zango ɗaya. Ƙa'ida ita ce kowace ta saurara kafin ta yi magana, amma motoci biyu da gini ya raba ba sa jin juna, sai su aika a lokaci guda, motar da ke mahaɗar hanya ta rasa duka saƙonnin. Don haka aka tsara cewa idan zango ya cika, kowace mota ta rage yawan shelarta da ƙarfin siginarta, domin na kusa, waɗanda su ne cikin haɗari, su ji ta sosai.

Duk wannan ƙoƙari yana buƙatar fili. A 2020 FCC ta miƙa megahaz 45 daga cikin 75 ɗin ga Wi-Fi, aka bar wa motoci 30. Motocin Turai da Amurka su ne ke zama 'yan Kwatano a titunanmu bayan wasu shekaru, kuma wasunsu za su iso da waɗannan na'urori a jikinsu. Ya kamata hukumomin sadarwa na Najeriya da Nijar su kiyaye wannan zango tun yanzu, domin korar wanda ya riga ya zauna a zango ta fi hana shi shiga wuya.