Shaidar Ganye: Faɗakarwa ga Sababbin 'Yan Lambu na Bulpiela

Daga cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa birnin Tamale, wanda ruwan sama ba ya sauka masa sai a damina guda, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan hunturu ya biyo baya da ƙura da bushewa, akwai waɗansu kwaruruka da ba su rabuwa da ɗanyen ganye ko da rani ya kai maƙura, irin su Gumbihini da Sangani da Zagyuri, da kuma Bulpiela, wadda ba ta wuce kamar kilomita 2 daga tsakiyar gari ba. Madatsar ruwan da aka gina a nan a 1960, domin amfanin gida da shayar da dabbobi da ban ruwa, ita ce madogarar masu noman kabeji da latas da alayyafo da ayoyo da yakuwa da tattasai, waɗanda mata 'yan kasuwa ke ɗauka da sassafe zuwa Aboabo da babbar kasuwar gari. Dattawan da suka tsufa a wannan sana'a ba su bukatar nasihata. Da samari nake, waɗanda suka karɓi fangali biyu ko uku a hannun iyayensu, da kuma waɗanda, saboda gine-gine sun cinye filaye, suka fara jarraba shuka a cikin bokiti da bututun roba a bayan ɗaki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata fatawa da ta yi yawa a bakin sababbin shiga, wadda ake bayarwa ba tare da ilimi ba, cewa duk ganyen da ya yi rawaya yunwa ce ke damunsa, kuma duk yunwa maganinta a ƙara taki. Alal haƙiƙa rawayar ganye alama ce guda mai sabubba da yawa, kuma wanda ya zuba yuriya a gindin shukar da ruwa ya shaƙe saiwarta, ko wadda cuta ta kama, ya yi hasara biyu, ta kuɗin takin da ta shukar, bal ma ya ƙara wa ƙasarsa illar da za ta jira shi a shuka ta gaba.

Mu fara da sanin abin da tsiro ke ci. Malaman kimiyya sun tabbatar da sinadarai 17 waɗanda tsiro ba ya kammala rayuwarsa in babu su: 3 yana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa saiwa ce ke tsotso su narke a cikin danshin ƙasa. Tun kafin a san sunayensu, malaman noma na Andalus, irin su Ibnu Bassal na Ɗulaiɗila a ƙarni na 11 da Ibnul Awwam na Ishbiliya mai Kitabul Filaha a ƙarni na 12, sun yi dogon bahasi a kan jinsunan ƙasa da jinsunan taki, da wanda ya dace da wanda. Amma ƙa'idar da ta fi shafarmu wani Bajamushe ne mai suna Carl Sprengel ya fara bayyana ta a 1828, sa'an nan Justus von Liebig ya yaɗa ta, watau cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci, ba a kan jimillar abin da aka zuba mata ba. Ma'anar wannan a wurin ɗan lambu ita ce, idan magnisiyam shuka ta rasa, to ko ka juye mata buhun yuriya ba ka ba ta kome ba daga abin da take nema.

To, yaya za a gane wanda aka rasa? Ɗan lambu a gaban shukarsa tamkar alƙali ne a gaban shaidu, ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, sai ya tambayi ganye, ya tambayi saiwa, ya tambayi ƙasa da ruwa, ya ga ko maganarsu ta dace. Tambaya ta farko kuwa, wadda ita kaɗai ta raba mas'alar gida biyu, ita ce: a wane ganye alamar ta fara, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Hikimar tambayar ita ce, akwai sinadaran da tsiro ke iya ɗebewa daga tsohon ganye ya kai wa toho idan sun yi ƙaranci, su ne naitirojin da fosfaras da fotasiyam da magnisiyam, saboda haka rashinsu a ganyen ƙasa yake fara bayyana. Akwai kuma waɗanda in sun zauna a wuri sun zauna ke nan, irin su kalsiyam da sinadarin ƙarfe da boron, saboda haka toho ne ke fara kuka da rashinsu alhali tsofaffin ganye suna nan kore shar.

Idan tsohon ganye ya koɗe gaba ɗaya, har da jijiyoyinsa, shuka ta tsumbure, rawayar tana hawa daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali, to wannan naitirojin ne, kuma shi ne mafi yawan abin da ake gani a ƙasar arewacin Gana, wadda ba ta da wadatar ruɓaɓɓen ganye a cikinta, ga wutar daji tana cinye ciyawa kowace shekara, ga ruwan damina yana wanke abin da ya rage. A nan ne kaɗai fatawar nan ta 'yan gaggawa take yin daidai. Idan kuwa jijiyoyin tsohon ganyen sun zauna kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, to magnisiyam ne, kuma tumatir ya fi kowa nuna shi sa'ad da ya ɗauki 'ya'ya. Idan gefen ganyen ne ya fara rawaya sa'an nan ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa, tsakiya tana lafiya, fotasiyam ake tuhuma. Fosfaras shi ne mai ɓoye kansa, domin ba ya sa rawaya: shuka takan ƙi girma, ganyenta ya yi kore mai duhu, bayansa da kara su ɗauki launin shunayya, har mai ita ya zaci lafiya ce ta yi mata yawa.

A sama kuwa, sabon ganyen da ya fito fari-fari ko rawaya mai haske, da 'yan jijiyoyi kore sirara, yana nuna rashin sinadarin ƙarfe. Wanda ya koɗe bai ɗaya daga sama, ba daga ƙasa ba, yana iya zama rashin farar wuta. Amma wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne kalsiyam, domin shi ne ke jawo baƙin tabon nan da ke ruɓar da gindin tumatir da tattasai, da ƙonewar bakin ganyen ciki a latas da kabeji, kuma sau da yawa ba ƙasa ce ta rasa shi ba. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin tsiro sai tare da ruwan da ganye ke ja yana fitarwa. Idan aka bar fangali ya bushe yau, gobe aka malale shi, jibi aka manta da shi, musamman a zafin Maris sa'ad da rana ke tsotse ƙasa kafin azahar, sai ɗan tumatir da ganyen da ke ƙunshe a cikin kan kabeji su rasa rabonsu. Maganin wannan yana cikin butar ban ruwa, ba a shagon taki ba: a riƙa shayarwa daidai a kan lokaci, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa domin danshi ya zauna.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar al'amarin, watau bambanci tsakanin shukar da ba ta da abinci da shukar da abinci ke gabanta amma ta kasa ci. Kada ka ji ƙyashin tuge shuka guda daga cikin marasa lafiyan ka wanke saiwarta ka duba. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙarfi da gashi. Idan ta yi baƙi ta yi laushi tana wari, ruwa ne ya kwanta ya hana ta numfashi, abin da ba baƙo ba ne a fangalin da ke can ƙasan kwari kusa da madatsa. Idan kuwa ka ga ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, mai addabar tumatir da kuɓewa da latas, kuma babu takin da ke warkar da ita, sai sauya shuka da tsabtace wurin reno. Haka nan tumatir ɗin da ganyensa na sama ya ƙanƙance ya nannaɗe ya yi rawaya a gefe, in ka girgiza shi farin ƙuda ya tashi, cuta ce ƙudan ya ɗauko masa, wadda hukuncinta shi ne a tuge a ƙone. Akwai wata alama mai taimako a nan: yunwa takan kama fangali bai ɗaya, ta fito iri ɗaya a hagu da damar ganye, cuta kuwa takan fara da shuka nan da can, ta yi dabbare-dabbare ba tsari.

Sa'an nan ga mas'alar tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da mizanin pH daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma kowane mataki guda ninki 10 ne na wanda ke biye da shi. Galibin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan ƙasa ta yi tsami ƙwarai, fosfaras yakan ɗaure ya ƙi narkewa. Idan ta haye sama da 7 sosai, sinadarin ƙarfe ne ke ɗaurewa, ko da ƙasar ja ce cike da shi. Takin amoniya mai farar wuta, wanda manoman arewacin Gana suka saba da shi, yana tsamar da ƙasa in aka dawwama a kansa shekara da shekaru. Tokar murhu kuwa, wadda ke da fotasiyam da kalsiyam, akasin haka take yi, saboda haka ita ma tana da haddi.

Israfi ma cuta ne. Lambobin da ke jikin buhu ba ado ba ne: 15-15-15 yana nufin kashi 15 cikin 100 na kowane ɗayan manyan ukun, naitirojin da fosfaras da fotasiyam, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 7.5, alhali amoniya tana da kashi 21, yuriya kuwa 46. Wanda ya auna yuriya da gwangwanin da yake auna amoniya ya ba shukarsa naitirojin fiye da kima bai sani ba. Alamar yawan taki ita ce bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, wani lokaci har farin gishiri ya fito a saman fangali. Kashin kaji ɗanye wanda bai ruɓe ba ma yana yin haka. Mai ban ruwa da ruwan kwata kuma ya sani cewa ruwan nasa ya riga ya zo da naitirojin, ban da abin da ya ɗauko na ƙazanta, wanda wajibi ne a kansa ya kiyaye masu cin latas ɗanye daga sharrinsa.

Masu shuka ba a ƙasa ba, ko a ruwa zalla ko a ɓawon kwakwa da buntun shinkafa, duk abin da ya gabata ya hau kansu, har ma da ƙari, domin ƙasa tana rufa wa manomi asiri ta jinkirta sakamakon kuskurensa, ruwan bokiti kuwa yakan fallasa shi cikin kwana kaɗan. Dabarar ba sabuwa ba ce: Julius von Sachs da Wilhelm Knop sun rene tsirrai a ruwan sinadari a Jamus wajen 1860, William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fito da ita fili a shekarun 1930, kuma haɗin da Hoagland da Arnon suka wallafa a 1938 har yau ana aiki da shi. Sai dai ya kamata mai farawa ya san cewa takin gona na buhu bai ƙunshi dukkan sinadarai 14 ba, kuma yuriya ba ta dace da wannan hanya ba. Cewa pH ɗin ruwan ya kamata ya zauna tsakanin 5.5 da 6.5, wanda ruwan rijiya ko na burtsatse sau da yawa ya zarce shi, shi ya sa farin toho ke fara bayyana. Cewa ba a gauraya takin kalsiyam da mai fosfaras ko farar wuta suna masu kauri, domin za su daskare su kwanta a gindin mazubi. Kuma cewa idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwa ne ya tafi ya bar gishirinsa, don haka da ruwa zalla ake cikawa, sa'an nan a sauya duka bayan mako ɗaya ko biyu. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, saboda haka bokitin da aka bari a rana a Tamale zai ruɓar da saiwa ko da haɗinsa ya cika sharaɗi. A sa shi a inuwa, a rufe shi daga haske.

Bayan duk wannan, ido yana iya kuskure, musamman idan illa biyu suka haɗu a shuka guda. Saboda haka kada ka yi wa lambu duka magani a kan zato. Ka raba fangali biyu, ka ba rabi abin da kake tuhumar an rasa, shi kaɗai, ka bar rabin yadda yake, ka jira mako guda ko kwana 10, sa'an nan ka dubi sabon ganye, domin tsohon da ya riga ya ƙone ba ya dawowa. In abin ya gagare ka, ka nemi malamin gona, ko ku haɗa kai ku 'yan kwari guda ku ɗebi ƙasa daga wurare dabam-dabam na lambunanku, ku kai a auna muku a cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, kamar kilomita 16 yamma da Tamale, ku yi haka kafin ku sayi takin shukar bana.